Tazara da Ɗaki: Nazarin Matsalar Naɗar Sautin Jitar Akwati a Tsakiyar Ganguna a Wuraren Wasa na Minna

Tsakure

Wannan takarda ta duba dalilin da ke sa sautin jitar akwati, wato wadda katakonta ne ke fitar da amo ba wutar lantarki ba, yake nutsewa idan aka naɗe shi kai tsaye a wurin wasa tare da ganguna da fiyano da lasifikoki. An ɗauki irin ɗakunan taron da ake samu a Minna a matsayin fagen nazari, aka yi amfani da ƙa'idojin kimiyyar sauti wajen auna amfanin kowane mataki da mai naɗa zai iya ɗauka. Lissafin ya nuna cewa ɗakin da ake wasa a cikinsa da nauyin hannun mai ganga sun fi nau'in makirufo tasiri nesa ba kusa ba.

1.0 Gabatarwa

Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Gari ne na Gbagyi wanda layin dogo ya tara wa Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran al'ummu, kuma wannan cakuɗa tana fitowa a kiɗan garin. A bikin aure ɗaya ana iya jin kalangu da fiyano da jita. A majami'u, ƙungiyoyin mawaƙa suna haɗa jita da gangunan Turawa suna rera waƙa da Hausa ko Gbagyi ko Nufanci. Haka abin yake a wasannin ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, da kuma tarukan al'adu irin waɗanda ake yi a U.K. Bello Arts Theatre.

Mafi yawan wannan kiɗa ba ya shiga situdiyo. A wurin ake naɗe shi, sau ɗaya, a ɗora shi a kan bidiyo a watsa ta wayoyi. Idan aka saurari irin waɗannan naɗe-naɗe, abin da aka fi rasawa shi ne kayan tsirkiya: ana ganin hannun mai jita yana motsi, amma ganga da murya kaɗai ke isa kunne. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana musabbabin haka da alƙaluma, ta kuma jera matakan gyara gwargwadon amfaninsu, domin mai naɗa da ƙaramin jari ya san inda ya kamata ya kashe kuɗinsa da lokacinsa.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Nazarin kiɗan Hausa ya fi karkata ga rabe-raben kayan kiɗa da matsayin makaɗa a cikin al'umma. David Ames da Anthony King, a ƙamusun kiɗan Hausa da suka wallafa a 1971, sun tattara sunayen kayan kiɗa da wuraren da ake amfani da kowanne. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ya kuma rarraba makaɗa bisa waɗanda suke yi wa kiɗa. Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa tun daga shekarun 1990. Waɗannan ayyuka sun yi bayanin mai kiɗa da abin kiɗa da sauyin zamani, amma abin da ke faruwa tsakanin tsirkiya da makirufo ba shi ne damuwarsu ba.

A ɓangaren kimiyyar sauti, Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ne ya fitar da lissafin daɗewar amo a cikin ɗaki a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma yi aiki da shi wajen gina babban ɗakin kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Lou Burroughs, a littafinsa kan makirufo na 1974, ya yaɗa ƙa'idar uku-bisa-ɗaya: tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar kowannensu da abin da yake ɗauka sau uku. Bruce Bartlett kuma, a wata maƙala ta 1981, ya nuna yadda matso da makirufo jikin abin kiɗa ke sauya launin sautinsa. Raunin da ke tattare da yawancin shawarwarin da aka gina a kan waɗannan ayyuka shi ne sun ɗauka cewa ana aiki a ɗakin da aka tsara domin kiɗa. Ɗakin biki mai daɓen tayil da bangon siminti da rufin kwano wani abu ne daban.

Matsalar kanta tsohuwa ce. Kafin zuwan naɗa da lantarki a 1925, masu naɗa faifai ba su da wata dabara sai jera makaɗa: mai raunin sauti a bakin ƙahon na'ura, mai ƙarfin sauti can baya. Ita ma jitar lantarki, wadda ta fara shiga kasuwa a farkon shekarun 1930, an ƙirƙiro ta ne saboda ƙahonni da ganguna suna danne jitar akwati a manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar lissafi ne. An ƙaddara wani ɗakin taro na misali mai tsawon mita 25 da faɗin mita 16 da tsayin mita 5, wanda girmansa ya yi daidai da matsakaitan ɗakunan biki. An ƙaddara cewa jitar akwati tana ba da desibel 80 a tazarar mita ɗaya, gangunan kuma desibel 105. Waɗannan alƙaluma na misali ne da suka faɗa cikin iyakar da aka sani ga kayan kiɗan biyu, ba awon wani wasa ba ne. Abin da ake bibiya a kowane sashe shi ne rata, wato da desibel nawa sautin jita ya fi na ganga ƙarfi a cikin makirufon da aka kafa wa jitar. Za a kira sautin gangar da ke shiga wannan makirufo da sunan kutse. Ana ɗaukar ratar desibel 10 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ba mai haɗa sauti damar ɗaga jita ba tare da ya ɗaga ganga ba, kuma kusan ratar da ƙa'idar uku-bisa-ɗaya ke samarwa ke nan.

4.0 Nazari

4.1 A fili

A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da tazara ta ninka sauti yana raguwa da desibel 6. Idan aka kafa makirufo santimita 15 daga jita, ƙarfin da zai samu ya kai kimanin desibel 96. Idan ganga tana mita 4 daga nan, ta sauko daga 105 zuwa 93. Makirufo mai jin gaba, wanda ake kira kadiyod, yana iya rage abin da ke zuwa masa ta baya da desibel 15 ko fiye, saboda haka idan aka juya wa gangar bayansa kutse zai koma 78. Rata ta zama desibel 18. Ke nan a filin makaranta ko ƙofar gida, da makirufo na gama-gari irin Shure SM57 wanda ke kasuwa tun 1965, ana iya samun jita tsaf, muddin an kare shi daga iska da soso.

4.2 A cikin ɗaki

Nan ne lissafin ke juyewa, kuma nan ne akasarin masu naɗa ke yin hasarar ƙoƙarinsu. Ɗakin misalin yana da cikin da ya kai kubik mita 2,000, da bango da daɓe da rufi masu faɗin murabba'in mita 1,210. Siminti da tayil da gilashi ba sa shan sauti sai kaɗan ƙwarai. Idan aka ɗauka cewa duka ɗakin, har da kujeru da silin, yana shanye kashi 10 cikin ɗari na sautin da ya buge shi, lissafin Sabine zai ba da daɗewar amo ta daƙiƙa 2.7 lokacin da ɗakin yake wayam. Idan mutum 200 suka shiga, jikinsu da tufafinsu za su sauko da ita zuwa kimanin daƙiƙa 1.5. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa gwajin sauti da aka yi da rana kafin baƙi su zo ba ya yin daidai da abin da ake ji da dare.

A irin wannan ɗaki akwai wata tazara da daga ita sautin da ke dawowa daga bango yake kamo wanda ke zuwa kai tsaye. Za a kira ta tazarar iyaka. A ɗakin misalin, mita ɗaya da rabi ce idan babu kowa, kimanin mita 2 kuma idan ya cika. Bayan wannan iyaka nisa ba ya ƙara amfani sosai. Ganga mai desibel 105 tana sauka zuwa 99 a mita 2, sannan amonta ya tsaya a wajen nan ko da an mayar da mai jita ƙarshen dandamali. Abin da ya fi wannan muni shi ne amon ba daga waje ɗaya yake zuwa ba. Ta sama da ƙasa da kowane gefe yake zuwa, saboda haka juya wa ganga bayan makirufo ba ya tare shi. Kadiyod yana rage irin wannan bazazzen sauti da desibel 4.8 ne kacal. Kutse ya zama 94, jita tana 96, rata ta koma desibel 2.

Kayan aiki iri ɗaya, makaɗa iri ɗaya, amma shiga ɗaki ya cinye desibel 16. Idan mai naɗa ya sayi makirufo mai matsattsen ji, irin haifakadiyod, zai rage bazazzen sauti da desibel 6 maimakon 4.8. Ribar kuɗinsa ba ta wuce desibel ɗaya da ɗoriya ba. Idan kuma ya ninka abin da ke shan sauti a ɗakin ta hanyar rataya manyan labule da shimfiɗa kafet, zai samu desibel 3. Wannan ya fi, amma shi kaɗai ba ya kai wa ga desibel 10.

4.3 Matso da makirufo

Rage tazara daga santimita 15 zuwa 7 ko 8 yana iya ƙara wa jita har desibel 6, ko da yake ba a cika samun duka ba, domin jita ba ɗigo ɗaya ba ce, dukan fuskarta ne ke fitar da sauti. Farashin wannan riba shi ne gurɓatar launi. Iskar da ke cikin akwatin jita tana da nata amo a wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa, kuma ta ramin da ke fuskar jitar yake fita. Makirufon da aka cusa a bakin ramin zai kwaso wannan kauri ninki-ba-ninki, ga kuma ɗabi'ar makirufo mai jin gaba ta ƙara wa sauti kauri idan ya matso. Sakamakon shi ne gunji marar fasali. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda wuyan jita ya haɗu da gangar jikinta, a ɗan karkata makirufon zuwa rami ba tare da ya dube shi kai tsaye ba.

Akwai wani lamari na al'ada da littattafan waje ba su yi la'akari da shi ba. A bikin Hausawa makaɗi ba ya kafewa wuri ɗaya. Yana juyawa wajen wanda ake wasawa, masu liƙi suna hawowa dandamali, sanƙira yana ratsawa da nasa makirufon. Idan tazarar santimita 8 ce, gocewar santimita 8 ta isa ta zubar da desibel 6. Saboda haka ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a jikin jitar ya fi na kan sanda dacewa da wannan fage, ko da na kan sandar ya fi shi inganci a situdiyo.

4.4 Maɗaukin jijjiga

Hanyar da ta fi kowace kauce wa kutse ita ce a daina ɗaukar sauti daga iska. Maɗaukin jijjiga, wanda masu sana'ar ke kira fikof, yana zama a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa, yana mayar da matsin tsirkiya ya zama lantarki. Ya dogara ne da wata ɗabi'a ta wasu duwatsu da 'yan'uwan nan Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880. Amon ɗaki ba ya isa gare shi sai ɗan abin da fuskar jitar ta karɓa ta girgiza da shi.

Aibinsa biyu ne. Na farko, sautinsa busasshe ne mai tsini, domin ya ji tsirkiya bai ji akwati ba. Na biyu, idan ba shi da nasa batir, yana buƙatar mashiga mai juriyar lantarki ta wajen om miliyan ɗaya. Idan aka cusa shi kai tsaye a mikisa, wato na'urar haɗa sauti, kaurinsa zai zube ya bar ƙwaranniya. Akwatin DI mai aiki da wuta, wanda ake sawa tsakanin fikof da mikisa, shi ne maganin wannan, kuma kuɗinsa bai kai na makirufo mai kyau ba.

Abin da wannan takarda ke ba da shawara shi ne a naɗi fikof da makirufo a layi biyu daban, a haɗa su daga baya: kauri daga fikof, domin a kauri ne kutsen ganga ya fi yawa, sheƙi da shafar yatsu kuma daga makirufo. Sai dai a lura da saɓanin lokaci. A zafin digiri 30 sauti yana tafiyar kimanin mita 350 a daƙiƙa, saboda haka makirufon da ke santimita 15 yana makara da kashi 0.43 cikin dubu na daƙiƙa. Idan aka haɗa layukan a haka za su soke juna a wajen kaɗawa 1,160, sautin ya yi kamar daga cikin bututu yake fitowa. Jinkirta layin fikof da wannan ɗan lokaci a kwamfuta yana kawar da matsalar.

4.5 Lasifika, wuta da yanayi

Lasifikar da ake ajiye wa makaɗi a gabansa ita ce mafi kusa da jita cikin duk masu kutse, kuma ita ke haddasa kukan lasifika, yawanci a daidai amon akwatin nan. Toshe ramin jita da murfin roba yana rage kukan, amma yana rage cikar sautin. Abin da ya fi shi ne a ajiye lasifikar a inda makirufon ya fi kurumcewa: bayansa sak idan kadiyod ne, ko kusurwar digiri 110 daga gabansa idan haifakadiyod ne. Idan mai jita zai yarda ya sa abin ji a kunne a ɗauke lasifikar gaba ɗaya, ya fi duka.

Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsirkiyar jita mafi kauri kuma tana kaɗawa sau 82. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 yana kawar da tushen gurnanin wuta ba tare da taɓa jita ba. Amma gurnanin yana da 'ya'ya a 100 da 150, waɗanda ke zaune a tsakiyar sautin jitar, kuma ba a yanke su sai da ɓarna. Dole a tare su tun daga tushe, ta jona duk kayan sauti a layin wuta ɗaya, da amfani da wayoyi masu ƙafa uku, da maɓallin raba ƙasa da ke jikin akwatin DI. Janareta kuma a kai shi bayan gini, ba gefen taga ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama a kan rufin kwano yana ƙara wani bazazzen sauti da babu makirufon da zai tace shi, laima kuma tana sa wasu makirufo masu aiki da wutar bolt 48 yin tartsatsi. A lokacin hunturu katako yana bushewa, saitin tsirkiya yana gocewa, saboda haka a riƙa duba shi tsakanin waƙa da waƙa.

4.6 Iyakar gyara a kwamfuta

Ana yawan dogara da cewa za a gyara daga baya. Kalangu ya rushe wannan fata, domin ba ya zama a murya ɗaya: mai kiɗa yana matse tsirkiyoyinsa a hammata, muryar tana hawa tana sauka a yankin da kaurara da matsakaitan tsirkiyoyin jita suke. Duk abin da aka rage domin a danne shi, an rage jita. Manhajojin raba sauti irin Spleeter, wadda kamfanin Deezer ya fitar a 2019, suna rarraba waƙa zuwa murya da ganguna da bes da saura, kuma an horar da su ne galibi da kiɗan Turai da Amurka. Gangar da ke bin karin harshe ba ta zauna daidai a ɗaya daga waɗannan rukunai ba. Kutse kamar gishiri ne a miya, idan ya shiga ya shiga.

4.7 Hannun mai ganga

Duk desibel ɗin da mai ganga ya sauke yana raguwa a sautin kai tsaye da amon ɗaki baki ɗaya, abin da babu na'urar da ke iya yi. Idan ya sassauta da desibel 6, aka matso da makirufo aka samu 6, aka rataya labule aka samu 3, ratar desibel 2 ta ɗakin misalin ta kai 17, kusan abin da ake samu a fili. A naɗin da ƙungiyar Nirvana ta yi wa shirin MTV Unplugged a Nuwamban 1993 a New York, inda babu ƙarancin kayan aiki, abin da aka yi ke nan: mai gangarsu Dave Grohl ya sauya sanduna zuwa marasa nauyi ya kuma sassauta hannu. Ali Farka Touré na Mali ya sha raka jitarsa da ƙwarya, wadda bugunta gajere ne ba ya rufe tsirkiya.

Kiɗan Hausa ya daɗe da wannan tsari. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba tare da tarin ganguna a bayansa ba, Haruna Uji kuma ya bar wa gurmi fili a waƙoƙinsa. Mamman Shata da ya zaɓi kalangu, murya ya aza a kansa. A kiɗan Hausa, haɗa raunanan kayan tsirkiya da ganguna masu cikakken ƙarfi a dandamali ɗaya lasifika ce ta kawo shi, kuma da ita matsalar ta zo. Ga mai naɗa gurmi ko garaya ko molo akwai ƙarin wahala: fuskarsu fata ce, tana amsa bugun ganga ta girgiza tare da ita, har fikof ɗin da aka manna mata ya kwaso gangar. Kuntigi yana da sauƙi ta wani gefen, domin ƙaramin jikinsa ba ya fitar da kauri, ana iya yanke ƙasan sautin sosai ba tare da an rasa komai ba.

Akwai kuma batun lafiya. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka ya ƙayyade awa 8 a desibel 85, lokacin yana rabewa biyu da kowane ƙarin desibel 3. A desibel 99 na ɗakin misalin, abin da aka yarje bai kai minti 20 ba, alhali biki yana ɗaukar sa'o'i.

Sassauta hannu ba abu ne da mai naɗa zai umarta ba. Mai ganga yana bugawa da ƙarfi ne sau da yawa domin ba ya jin kansa a cikin hayaniyar fiyano da lasifikoki, kuma a ƙungiya shugaban makaɗa ne kaɗai ake saurara. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara rage lasifikokin dandamali, a naɗi minti ɗaya lokacin gwaji da hannu mai nauyi da wani minti ɗaya da sassauƙan hannu, a sa wa shugaban abin ji a kunne ya saurari duka biyun, sannan shi ya yi wa yaransa magana.